Wasiƙa zuwa ga Uwata a Ede

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne a kan wata magana da na ji daga bakin yayanki, alhali daga bakinki ya kamata in ji ta. Ranar da na raka ki tasha, kin ce mini aikinki a gaban kwamfuta yake, kina karanta jerin haruffan gadon ƙwayar cutar Lassa bayan wasu sun riga sun kashe ta a cikin kwalba. Yanzu kuma an ce da shigar Janairu za ki bi ayarin da ke zuwa garuruwan Irrua ta jihar Edo da Owo ta jihar Ondo karɓo jinin marasa lafiya, a daidai tsakiyar ranin da cutar take tashi.

Ban raina aikinku ba. Na san cewa a 2018, da hankalin jama'a ya tashi ana cewa ƙwayar ta sauya hali, irin wannan karatun naku ne ya nuna yawancin masu ciwon daga ɓera suka ɗauka, ba daga junansu ba. Na kuma san cibiyar Farfesa Christian Happi da kike ciki ce ta fara karanta gadon ƙwayar korona a nahiyar Afirka, a watan Maris na 2020. Ni ne dai na tsaya miki lokacin da Gwaggonki ta tara mini dangi a zaure a kan wannan aikin, kuma har yau ban yi nadama ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsinin allura. Shekara talatin na yi ina malamin asibiti, na kuma ga cewa safar hannu tana ɓulewa ne a ranar da mutum ya gaji, yana sauri ya gama kafin magariba. A Jos, a 1970, Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin ya kashe, kuma wannan ɗan yankan ne ya zama ajalinta, ita da ta san cutar fiye da kusan kowa a lokacin. Shekara guda kafin haka, a jami'ar Yale ta Amurka, mai binciken ƙwayar ya kwanta ya tashi da kyar, wani ma'aikacin ɗakin gwaji kuma ya rasu. A 2014, rahoton da ya bayyana gadon ƙwayar Ebola ta Saliyo bai fito ba sai da biyar daga cikin marubutansa suka mutu, har da Dakta Sheik Humarr Khan na Kenema. Waɗannan ba jahilai ba ne, Uwata, sun fi ki karatu, kuma har yanzu babu rigakafin Lassa da aka amince da shi.

Ke kuwa na san halinki. Kina da gaggawa, kina da ɓoye ciwo, kuma kina jin kunyar a ce kin yi kuskure. Wadda ta ɓoye wa mahaifinta tafiya sukutum, me zai hana ta ɓoye wa shugabanta ɗan digon jini a yatsa? Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kuma raina ya ɓaci. To, amma idan zan faɗi gaskiya, daga wurina kika gaji taurin kan, Innarki ma haka ta ce da na karanta mata wannan layin.

Ba zan hana ki tafiya ba. Alkawari ɗaya nake nema: idan allura ta soke ki ko jini ya fantsamar miki, ki faɗa nan take, kuma duk zazzaɓin da ya zo miki cikin kwana 21 kada ki sa masa sunan cizon sauro ki sayi magani a kemis, domin ribabirin, maganin da ake ba masu Lassa, a kwanakin farko ake ba da shi, kuma da yawa daga waɗanda suka warke kunnensu bai dawo ba.

Innarki ta ɗaure miki kilishi da yajin daddawa, direban da kika sani zai kawo. Ki kira ni ranar Juma'a bayan sallah, da bakinki nake so in ji ranar tafiyar. Allah ya tsare ki, ya yi miki albarka.

Mahaifinki.