Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai.

An gudanar da tarukan wata-wata, da tarbar sababbin ɗalibai, da buɗa-bakin azumi kamar yadda aka saba.

Babban aikinmu na bana shi ne ziyarar hanyar Char Dham a jihar Uttarakhand ta Indiya, kuma alhamdu lillahi kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga waɗanda ba su je ba, wannan ita ce hanyar da Firaminista Narendra Modi ya aza harsashinta a Dehradun cikin Disambar 2016, mai tsawon kusan kilomita 900, domin sauƙaƙa wa mabiya addinin Hindu zuwa wuraren ibadarsu na Yamunotri da Gangotri da Kedarnath da Badrinath. Mun tashi daga Rishikesh bayan sallar asuba, muka bi gefen kogin Ganga har Devprayag, mahaɗar kogunan Alaknanda da Bhagirathi. Abin da muke karantawa a aji mun gan shi ido da ido: an yanke dutse a tsaye, an lulluɓe shi da ragar waya, an kakkafa masa sandunan ƙarfe don kada ya zubo. A wata kwana kuma mun tarar da ruwa na tsattsafowa daga jikin dutsen, lambatun da ke ƙasa ya cushe da tsakuwa. Nan ƙannenmu 'yan aji ɗaya suka gane dalilin da ya sa zaftarewar ƙasa ke rufe hanyar duk damina.

A mota muka tafka muhawara kan faɗin hanyar. Ravi Chopra, shugaban kwamitin da ya duba aikin, ya tsaya kan mita 5.5, amma a Disambar 2021 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da mita 10 saboda kai sojoji iyakar Sin. A ganina, duk wanda ya ga tulin ƙasar da aka zubar ta gangaren kogi zai fahimci damuwar Chopra. Allah Ya saka wa malamin da ya raka mu da alheri.

Game da ramin Silkyara, wato hanyar mota da aka haƙa ta cikin dutse, inda ma'aikata 41 suka maƙale kwana 17 a Nuwambar 2023, na ji ana cewa shugabannin ƙungiya ne suka yi sakaci ba a kai ziyara can ba. Ba haka ba ne. Wurin yana kan hanyar Yamunotri, sai an kwana, sai an ɗauki hayar mota kwana biyu, asusu kuwa babu komai. Tafiyar Devprayag ma ma'aji ne ya cika kuɗin daga aljihunsa, har yau ba a mayar masa ba. Ɗan littafin da muka yi alkawarin haɗawa kan ziyarar shi ma ya tsaya, domin waɗanda suka karɓi babi-babi sun yi shiru, hotuna kawai ke hannuna.

Maganar kuɗin wata ta ishe ni. Na tura saƙo a WhatsApp, na buga waya, na bi wasu har ɗaki. Fiye da rabinmu ba su biya ba, kuma cikinsu akwai masu fara tambayar ina za a je baɗi. Mun san canji ya yi tsada, kuɗi daga gida ba ya zuwa kan lokaci. Wanda ke cikin matsi ya faɗa wa ma'aji a asirce, za a ɗaga masa ƙafa. Sauran a biya kafin taron zaɓe, domin sai an mayar wa ma'aji kuɗinsa za mu miƙa littafin asusu ga sababbin shugabanni.

Wassalam.
Sakatare