Wasiƙa daga Jamus: tsoron da ya hana Auta barci

Baba da Mama,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, kuma ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi da ya fara shigowa, da kewarku da ba ta raguwa.

Na ga ya fi kyau in rubuto da in kira, domin maganar da Mama ta faɗa mini game da Auta ta fi ƙarfin hirar waya, kuma ina so ku ba ta wasiƙar nan ta karanta da idonta. Mama ta ce tun dawowarta daga taron farkawan nan ba ta iya barci, ta daina cin jibin Ubangiji, kullum tana cewa ta yi zunubin da ba a gafartawa, ko addu'a ta fara sai kuka ya ci ƙarfinta. Na kuma ji an ce Baba ya ce a ƙyale ta, tsoron Allah ne ya shige ta, da yaran zamani za su samu irinsa da sun shiryu. Baba, ka yi mini gafara, a nan ina da magana. Kai ka sa muka haddace Karin Magana 9:10, cewa tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, kuma har gobe ina riƙe da ita. Amma abin da ke cin Auta ba shi ba ne.

Ku buɗe Fitowa sura 20. Jama'a sun ga walƙiya, sun ji tsawa, dutsen Sinai yana hayaƙi, sai suka ja da baya suka ce wa Musa shi ya yi musu magana, kada Allah ya yi, don kada su mutu. A aya ta 20 Musa ya ce musu kada su ji tsoro, Allah ya zo ne ya gwada su domin tsoronsa ya zauna a cikinsu, kada su yi zunubi. A numfashi ɗaya ya hana su wani tsoro, ya kuma nema musu wani. Na farkon shi ne ya sa Adamu ya ɓuya cikin itatuwa. Na biyun shi Musa yake da shi, shi ya sa jama'a na tsaye daga nesa, shi kuwa ya matsa kusa da baƙin duhun da Allah yake ciki. Mu ma ai mun ji tsoronka, Baba, tarinka kawai yana isa a yi tsit. Amma in aka yi tsawa da dare, ɗakinka muke rugawa.

Ishaya ya ga Ubangiji a kan kursiyi a shekarar da sarki Uzziya ya rasu. Mala'ikun da ke kewaye da shi, waɗanda ba su taɓa yin zunubi ba, suna rufe fuskokinsu da fikafikai. Ishaya ya yi kuka ya ce tasa ta ƙare, domin shi mai ƙazamin baki ne. Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya ce masa ya yi ƙarya. Sai dai ba a bar shi a nan ba. An ɗauko garwashi daga bagade an taɓa bakinsa, an ce an kawar da laifinsa, kuma mutumin da ya gama cewa ya hallaka shi ne ya ce, ga ni, ka aike ni. Haka Siman Bitrus, da ya ga kifin da ya kusa nutsar da jirage biyu, ya faɗi gaban Yesu yana roƙonsa ya rabu da shi don shi mai zunubi ne. Yesu bai rabu da shi ba. Ya ce masa kada ya ji tsoro, ya ba shi aiki. Wa'azin da ya kai yarinya ga "tawa ta ƙare" ya bar ta a nan, rabin saƙo ya isar.

Garin da nake ba shi da nisa da Erfurt, kuma mun je can da 'yan'uwa na ikilisiyarmu. A kusa da Erfurt ɗin ne, cikin watan Yuli na 1505, aradu ta faɗi dab da Martin Luta, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya, lokacin yana ɗalibin shari'a. Cikin firgita ya yi wa'adi zai zama ɗan zuhudu, ya kuwa shiga gidan zuhudun da ke Erfurt. Na tsaya a ƙofar ɗan ɗakin da ake nuna wa baƙi, ƙunci kamar me, ina tunanin shekarun da ya yi yana azumi, yana furta zunubansa na sa'o'i, zuciyarsa ba ta huta ba, domin Allah a wurinsa alƙali ne kawai mai jiran ya kama shi. Abin da ya kwance shi Romawa 1:17 ce, mai adalci ta bangaskiya zai rayu. To, ku lura, bai yar da tsoron Allah ba bayan haka. A ƙaramin littafin koyarwar da ya rubuta wa iyaye da yara a 1529, bayanin doka ta fari shi ne mu ji tsoron Allah, mu ƙaunace shi, mu dogara gare shi fiye da kome. Uku ɗin tare ya ɗaure su.

Inda na yarda da Baba ɗari bisa ɗari shi ne, rashin tsoron ma ciwo ne. A wannan yankin mafi yawan mutane ba sa cikin kowace ikilisiya, manyan majami'u suna nan tsaye, masu ɗaukar hoto sun fi masu durƙusawa yawa. Ko cikinmu masu bi, wani zai yi maganar Allah kamar sa'ansa ne. Abin yana sosa mini rai. Ibraniyawa 12:28 da 29 ta ce mu yi masa sujada da girmamawa da tsoro, gama Allahnmu wuta ne mai cinyewa, kuma wannan a Sabon Alkawari yake.

Ni a wurin aiki na fi gane amfaninsa. Kun san aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya magana, ba ta iya juya kanta, dole a riƙa juya ta cikin dare don kada fatar bayanta ta yi gyambo. Akwai takardar da ake sa hannu a nuna an yi. Wajen ƙarfe uku, ƙafa ta yi nauyi, ba kowa a farfajiya, sa hannu ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar, ita kuma ba za ta taɓa kai ƙara ba. A wannan lokacin Littafin Firistoci 19:14 ke zuwa mini: kada ka zagi kurma, kada ka sa abin tuntuɓe a gaban makaho, sai ka ji tsoron Allahnka. Kurma ba zai ji ba, makaho ba zai gani ba, saura wa? Sai in ɗumama hannuwana, in kira sunanta a hankali, in juya ta, in gyara zanen gadon. Ba fargabar wuta ke tura ni ba. Nauyin idonsa nake ji, da kunyar in ci amanar wanda ya mutu domina. Wannan tsoron ne ya sa ungozomomin nan, Shifra da Fuwa, suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza. Mai tsoron Allah tsoron mutum yana raguwa a ransa.

Auta, ƙanwata, yanzu da ke nake. Maganar zunubin da ba a gafartawa tana Markus sura 3, kuma Yesu ya faɗe ta ne saboda malaman Attaura da suka ga aikin Ruhu Mai Tsarki da idonsu suka ce na aljanu ne, ko a jikinsu. Wadda ke kwana kuka don tana tsoron ta ɓata wa Allah rai ba ta cikin sahunsu. Ki karanta Zabura 130 a hankali. Mai zaburar ya ce in Ubangiji zai lissafta laifofi ba mai tsayawa, amma a wurinsa akwai gafara domin a ji tsoronsa. Gafarar ce ke haifar da tsoron. Ki haɗa da Romawa 8:15, ba ruhun bauta muka karɓa da za mu koma cikin tsoro ba, ruhun 'ya'ya ne, wanda ta wurinsa muke kira Abba, Uba. Teburin Ubangiji kuwa don masu zunubi da suka tuba aka shimfiɗa shi, ki koma ki ci.

Mama, ina roƙo kada a yi mata faɗa, kada kuma a riƙa kai ta wurin wannan da wancan a yi ta ihu a kanta. Ku raka ta wurin fastonmu su zauna a natse. In rashin barcin ya ci gaba a kai ta ta ga likita, ba rashin bangaskiya ba ne, zan ɗauki nauyin kuɗin. Baba, kai ma ka zauna da ita ku karanta zaburar nan tare, daga bakinka za ta fi shigarta.

Ku gaishe mini da Kaka, da Yaya da iyalinsa, da dukan 'yan'uwa a ikilisiya. Zan kira ranar Lahadi bayan kun taso daga sujada, ku bar wayar a hannun Auta.

'Yarku mai ƙaunarku.