Ruwan unguwarmu ya janye, ku kwantar da hankali

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Ina gajiya, ina damina? Yaya ƙafar Inna? Mu nan Girinsboro ta Amurka lafiya lau, sai kewar Damagaram.

Auta ya ce tun da bidiyon ambaliyar unguwarmu ya zaga a WhatsApp Inna ba ta runtsa ba. Don Allah ku kwantar da hankalinku. Ba irin abin da ya auka wa garin Ashbil ba ne lokacin guguwar Helin a Satumbar 2024. Can cikin duwatsu ne, yamma da mu, tafiyar kusan awa uku a mota. Namu wani ɗan rafi ne a bayan unguwa, cikin waɗanda ke zuba a rafin Bafalo, wanda idan ba ruwa yaro ma tsallake shi yake. Kwana aka yi ana sheƙa ruwa, ya cika ya batse, ya shanye filin wasan yara, ya hau titin da ke gangare. Gidanmu a kan tudu yake, ko dokin ƙofa bai taɓa ba. Kafin la'asar ya janye, ya bar taɓo da rassan itace, da kwandon sharar maƙwabcinmu maƙale a jikin shinge.

Hukumar yanayi ta nan gargaɗinta hawa biyu ne: na farko, ambaliya na iya zuwa, ku shirya, na biyu, ta zo ko tana bakin ƙofa. Ma'aikata suka datse titin tun da sassafe. Amma mai taurin kai ba ya ƙarewa a duniya. Wani ya kewaye shingen da motarsa, ta mutu a tsakiyar ruwa, sai da ƴan kwana-kwana suka zaro shi ta taga muna tsaye muna kallo. Kullum ana nanata mana cewa ruwa mai gudu, ko zurfinsa santimita 15 ne, yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuwa yana jan ƙaramar mota. Baba, 15 ɗin nan fa bai cika taƙi guda ba.

Ni dai hankalina yana gida. Nan ruwa kan zo ya wuce ya bar gini a tsaye. Namu kuwa ginin ƙasa ne, yana ta sha shiru-shiru, sai tsakar dare ya zube kan masu barci. A Satumbar 2024 ai tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya rushe, ginin da kakanninmu suka yi salla a ciki. In shi bai tsira ba, ina ga katangarmu ta bayan makewayi, wadda tun bara take da tsaga?

Na turo wa Yaya kuɗin siminti da na magini. A fara da katangar, sannan a hau a duba indararon ɗakin Inna, don da zarar ya toshe ruwa kan kwanta a rufi ya jiƙa azara. Kafin a gama gyara, kada kowa ya kwana a tsohon soro, ko baƙo ne. A kuma kwashe ledojin da suka cika magudanar ƙofar gida, kada a tsaya jiran wani ya zo ya yi.

Auta, kai ma da kai nake. In kana kan babur ka tarar ƙorama ta haye hanya, ka tsaya, ko fasinja zai yi ta masifa. Kuɗinsa ba su kai ranka ba. Wayar lantarki in ta faɗi cikin ruwa, ko kusa kada ka je. Yara kuma a raba su da tafki da ramukan da ake haƙar ƙasar tubali, domin in suka cika ba mai gane ina ne tudu ina ne rami. A ɗaura musu gidan sauro tun magariba.

Ku gaishe min da Kawu da Gwaggo da duk mutanen Zango. In maginin ya zo, Yaya ya ɗauko min hoton katangar kafin a fara aiki, in ga ko kuɗin za su isa.

Wassalam,
Ɗanku