Gansakukar jikin bishiya: abin da ke cikin littafi ba shi ne a lambunmu ba

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya ya aiki.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili. Jikana ne ya dawo makaranta rannan yana gaya min wai in mutum ya ɓata a daji ya duba jikin bishiya, gefen da gansakuka ta fito nan ne arewa, wai haka aka rubuta a littafi. Na ja hannunsa muka shiga lambu, mangwaro uku muka zagaya da tsamiya ɗaya, kowace da gefen da abin ya fi kama ta, yaro ya tsaya yana kallona.

Abin nan fari-fari mai ɗan kore da ke manne a ɓawo kamar makero, ba ciwo ba ne fa. Halittu biyu ne suka haɗa zama, naman gwari, dangin funfuna, shi ke riƙe danshi, 'yar gansakuka irin ta ruwa da ke cikinsa kuma ta haɗa abinci da hasken rana, to shi ya sa yake son haske amma ba ya son inda rana ke ƙona shi ya bushe da wuri. Ba ya shan ruwan bishiyar, zama kawai yake yi, girmansa ma 'yan milimita ne a shekara. Ina jin takaici in na ga mai lambu yana kankare shi da wuƙa har ya ji wa mangwaro ciwo, ko ya sayo magani ya fesa, asarar kuɗi kawai.

Maganar arewa ta Turai ce, can rana kullum ta kudu take bi da tsakar rana, arewacin bishiya na cikin inuwa. Mu nan Daura muna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take ratsawa, kuma damina ke nan, lokacin da abin ke samun ruwan da zai girma. Ga hadarinmu daga gabas yake tasowa, duk mai katangar ƙasa ya san gefen da ruwa ya fi duka, ga ranar la'asar da ke gasa gefen yamma, sannan hunturu ya zo da iskarsa ta arewa maso gabas ta busar da komai. Kai ko gawo ma da ke zubar da ganye da damina, hasken da jikinsa ke samu daban yake da na bedi.

Roƙona ga malaman firamare da sakandare, ni ma na riƙe alli shekaru, ku fitar da yaran nan cikin watan Agusta su zagaya bishiyoyin harabar makaranta da littafin rubutu, kowa ya rubuta gefen da ya gani da idonsa, alƙibla dai duk sun san ta.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Daura