Sanarwa kan rahotannin da ake turowa rukuni

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

An yi ta musu a nan kan wace ƙasa ce ta ci gaba ko ta koma baya a dimokuraɗiyya. Don Allah duk wanda zai turo alƙalumma ya faɗi cibiyar da ta fitar da su da shekarar, domin ba awo ɗaya suke yi ba.

Freedom House ta Amurka tana fitar da rahoto kan ƴanci tun 1973, ta raba ƙasashe gida uku: masu ƴanci, masu ƴanci rabi da rabi, da marasa ƴanci. V-Dem da ke Jami'ar Gothenburg a Suwidin kuwa ra'ayin dubban masana take tattarawa. Shi ya sa wani lokaci sakamakonsu ke shan bamban.

Batun rikici ya fi wannan ruɗarwa. Shirin tattara bayanan rikice-rikice na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ba ya ƙirga rikici sai an rasa rayuka 25 a fagen fama cikin shekara, kuma ba ya kiransa yaƙi sai sun kai 1,000. Ke nan "babu yaƙi" a takarda ba ya nufin mutane suna barci da ido biyu a rufe.

Hoton jadawali marar tushe za mu goge shi, a yi haƙuri.