Saɓanin Takardun Likitoci da Riƙon Yara a Kotunan Sakkwato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in jawo hankalin alƙalai da likitocin Jihar Sakkwato ga wata matsala da ta shigo har cikin gidanmu, wato yadda ake neman raba uwa da 'ya'yanta da hujjar takardar asibiti, alhali akwai wata takardar ta wani likitan da ta saɓa mata.

Ɗiyar ƙanena ta haifi ɗanta na biyu shekara biyu da suka wuce. Ba a cika mako biyu da haihuwar ba barci ya ƙaurace mata, ta shiga sambatu, tana cewa ana kiran sunanta daga bayan ɗaki. Aka fara da ruƙiyya da hayaƙi, daga baya mijin ya kai ta wani asibitin kuɗi, inda likita ya gan ta sau ɗaya tak, ya rubuta cewa tana da taɓin hankali mai ɗorewa. Mu kuma muka kai ta ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya bi lafiyarta har tsawon wata takwas kafin ya rubuta cewa larura ce da kan sami mai jego, kuma ta warke. Kafin nan aure ya mutu. Yau takardun nan biyu suna gaban alƙali, uban yara yana riƙe da ta farko yana neman a ba shi su, ana ta ɗage zama. A zaman da ya wuce na ga babban yaron, mai shekara biyar, ya ƙanƙame gefen mayafin kakarsa a barandar kotu, yana tambayarta ko yau ne za a tafi da shi. Ban iya duban fuskar uwarsa ba.

Ban ce tsoron uba ba shi da tushe ba. Irin wannan larura, wadda likitoci suka ce tana samun mace ɗaya ko biyu cikin kowace dubu da suka haihu, tana iya jefa jariri cikin haɗari idan ba a yi maganinta ba, kuma akwai cututtukan ƙwaƙwalwa da ke hana mutum kula da kansa, balle yaro. Sai dai sunan cuta daban, halin da mai ita yake ciki yau daban. Cutar ƙwaƙwalwa ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ce da za a ɗebi jini a ga amsa nan take. Likita yana dogara ne ga abin da ya ji da abin da ya lura da shi tsawon lokaci, shi ya sa wanda ya ga mara lafiya ranar da ciwo ya yi tsanani zai iya rubuta abin da ya bambanta da na wanda ya bi ta wata da watanni. Ga kuma farfaɗiya, da mutanenmu da yawa ke lissafa ta cikin hauka, alhali mai ita kan zauna lafiya da magani ta yi renon 'ya'yanta.

Abin da ya fi damuna shi ne fiƙihun da kotunanmu ke hukunci da shi ya riga ya warware mafi yawan wannan. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da reno bayan rabuwar aure, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. An sharɗanta hankali ga mai reno, wannan gaskiya ne, amma idan uwa ta kasa, haƙƙin yana komawa ne ga mahaifiyarta da sauran mata na ɓangarenta kafin a zo kan uba. Sannan littafin fiƙihu na Muktasar na Shehu Halil ya nuna cewa renon da ya faɗi saboda uzuri irin na rashin lafiya yana dawowa idan uzurin ya gushe. To, da wace hujja takardar da aka rubuta a ranar rikicewa za ta zama hukuncin dindindin?

Ɓarnar ba ta tsaya ga gida ɗaya ba. A garin nan, da zarar an ce an taɓa kai mace asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, shi ke nan an gama da ita a bakin mutane, ko da ta koma aikinta garau. Mata sun lura da haka, don haka sai su ɓoye ciwo, su ƙi zuwa asibiti, wasu ma su daina shan magani don kada a kafa musu hujja da katin asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta zo ne domin kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah, kuma jiharmu tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2021.

Roƙona ga mai girma Alƙalin Alƙalai shi ne a fitar da umarni cewa duk lokacin da takardu biyu suka saɓa, kada a yanke hukunci sai an gayyaci likitocin sun yi bayani da bakinsu, ko kuma kotu da kanta ta tura mara lafiyar ga ƙwararrun da ba su da alaƙa da kowane ɓangare. Muna da su a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A tambaye su ko matar tana iya kula da yaro a halin yanzu, da irin taimakon da take buƙata. Kafin amsarsu ta iso, a bar yara a hannun kakarsu ta wajen uwa, uba ya ci gaba da ciyarwa da ziyara, kuma a daina kawo su harabar kotu.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Runjin Sambo, Sakkwato.