Zuwa ga aminina Malam Sani

Fagge, Kano.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Saƙonka ya iso, Allah Ya sanya alheri a auren Hadiza, Ya kai mu lokacin.

Ka ce uwargida ta kafe sai da tangaran mai bakin gwal za a yi wa yarinya jere, kana tambaya ko gwal ɗin na gaske ne. To, iri-iri ne. Akwai mai tsada, wanda da gaske akwai zinare a ruwan da ake shafa masa. Bayan an gasa faranti sai a ja masa layi da buroshi, a mayar da shi wuta, zafi wajen digiri 750. Amma abin da ke kamawa ko kusa da kaurin gashi bai kai ba. Ko faranti goma ka kankare, ba za ka tara abin ɗorawa a sikeli ba. Cikin masu arahar da ke Sabon Gari kuwa, akwai waɗanda ko ƙwayar zinare babu, wani sinadari ne na ƙarfen titaniyam mai kalar gwal. Kada dai wani ya tsuga maka kuɗi da sunan kadara kake saye.

Dabarar ma ta kwana biyu. Tun ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, magina a Iraƙi suke zana tangaran da haɗin azurfa da jan ƙarfe, su sake gasa shi cikin hayaƙi. Yana fitowa duk dauɗa, sai an goge sannan ƙyallin ya bayyana. Daga can sana'ar ta shiga Masar, ta kai Andalus, kuma har yau irin wannan tayil yana jikin mihirabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya. Wasu masana na danganta abin da hanin da aka yi na ci da sha a ƙwaryar zinare. Hukuncin ɗan layin bakin kofi kuwa, wannan na malamai ne, ni ɗan kasuwa ne.

A dai ja wa amarya kunne: ban da soson ƙarfe, ban da toka. Sabulu da soso mai laushi sun isa, in ba haka ba kafin a yi suna bakin ya koɗe. Kada kuma ta sa shi a na'urar ɗumama abinci, tartsatsi yake yi.

Ka faɗa mini saiti nawa kuke so, in zaɓo da kaina in sa a mota. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Habibu